Awa Shida a Bakin Tafkin Kainji

Mun bar Kwantagora da hantsi, ni da ɗan ƙanwata wanda ya gama karatun likita ya kuma soma koyon tiyatar ƙashi, muka miƙa arewa maso yamma, ba mu isa Yelwa ba sai da la'asar ta yi sanyi, saboda halin da hanya take ciki da kuma tsayawar salla. Ni dai niyyata ziyarar wani tsohon abokina ce, dillalin kifi, wanda rabona da shi shekara goma sha. Shi kuwa yaron ya biyo ni ne don hutu, kuma da na san abin da zai cika mini kunne da shi a kwana huɗun nan, da na taho da littafin rubutu mai kauri fiye da wanda na ɗauko.

Wanda ya tsaya a bakin ruwan Yelwa ya ga faɗinsa, da wuya ya gaskata cewa dattawan garin sun girmi tafkin. An soma gina madatsar Kainji a 1964, aka tare kogin Kwara a 1968, ruwa ya ja da baya ya cinye tsohuwar Busa da gungu-gungun da Gungawa suka gada kaka da kakanni, aka tashi mutum wajen 44,000 aka sake musu matsuguni a tudu. Ta nan ne Mungo Park ya wuce a 1806 kafin ajalinsa ya riske shi a Busa, kuma nan Richard Lander da ƙanensa suka zo a 1830 suna cigiyar takardunsa wurin Sarkin Yauri. Wannan duk tarihi ne da ɗan makaranta ya sani. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kasuwar kifi, wadda abokina ya kai mu bayan sallar asuba, tun kwale-kwalen Sarkawa suna ƙarasowa gaɓa.

Kifi, kamar yadda abokina ya ce, tun daga lokacin da ya bar ruwa yake bin mai shi bashi, kuma ba ya ɗaga ƙafa. Mafi yawa banda ake yi, a jera shi bisa waya a kan wuta har ya bushe, a ɗure a kwali a yi kudu da shi. Warangi kuwa, ƙananan nan da ake ja da dala, shanya su ake yi a rana. Amma giwan ruwa da manyan karfasa, waɗanda kuɗinsu yake cikin ɗanyantakarsu, sai an haɗa su da ƙanƙara a kula ko a tsohon firji da ya daina aiki, kuma a nan ne na ga abin mamaki, domin ƙanƙarar tana tsada, wani lokaci ma ta yanke ƙaf, alhali wutar da ake haskaka birane masu nisa da ita daga wannan ruwa ake tatsarta. A gefe guda kuma wata dattijuwa tana zaune da manyan robobi cike da tarwaɗa masu rai, jikanyarta tana kwashe ruwan da ya yi yauƙi tana zuba sabo. Ɗan ƙanwata ya daɗe tsaye a kansu, sa'an nan ya juyo ya ce, "Kawu, ka riƙe mini matar nan da mai ƙanƙarar can a ranka, zan nemi su daga baya." Na ɗauka wasa yake yi.

Kashegari muka nufi ƙasar Shanga, inda abokina yake da wani manomin shinkafa da suke hulɗa. Mun same shi a gindin mangwaro, mutum ne da bai haura arba'in ba, ya miƙo mana hannun hagu muka gaisa, yana mai ba da haƙuri, domin na daman ya ƙare a ƙasan gwiwa kaɗan. Kaka biyu da suka wuce, injin sussuka ya kama hannun rigarsa ya ja, kafin a kashe inji mai aukuwa ta auku. 'Yan'uwansa suka ɗaure dantsen da rawani, suka naɗe guntun a ƙyalle, suka ɗauko shi daga fadama a kwale-kwale, daga nan a babur, daga nan aka jira mota. Asibitin farko suka tsayar da jini suka ce a yi gaba. Kafin a isa na biyun dare ya raba. Hannun dai an komo da shi gida an binne a bayan gari, kamar yadda malamin unguwa ya umurta.

"Baba," in ji ɗan ƙanwata, ko da yake tazararsu ba ta kai ta ɗa da uba ba, "da wane lokaci abin ya faru?"

"Bayan azahar kaɗan, likita."

"An sa masa ƙanƙara?"

Mutumin ya yi murmushi. "Ƙanƙara a fadama? Ai ko da akwai, ba wanda zai kawo wannan a ransa. Kifi ake sa wa ƙanƙara."

Yaron bai ƙara cewa kome ba, na kuwa gode masa a zuciyata, domin ba ladabi ba ne a tsaya ana yi wa mutum lissafin abin da da an yi kaza da ya samu, bayan ya riga ya karɓi ƙaddararsa da kyakkyawan haƙuri. Sai da dare, muna zaune a zauren abokina, ya buɗe bakinsa.

Ya ce gaɓar da ta rabu da jiki ba nan take take mutuwa ba, tana da ɗan wa'adi, kuma tsoka ce take gajarta wa'adin, saboda ita ce mafi cin iskar oksijin da jini yake kawowa. Hannun da aka bari a zafin gari, bayan kamar awa 6 tsokarsa ta lalace lalacewar da ba ta gyaruwa. In an sanyaya shi yadda ya kamata, yana iya kai wa wajen awa 12. Yatsa kuwa, da yake babu tsoka a cikinsa sai jijiya da ƙashi da fata, yakan jure ninkin wannan. Hikimar sanyin ita ce, duk lokacin da zafi ya sauka da digiri 10, aikin cikin ƙwayoyin nama yakan ragu da kusan rabi, har idan aka kai digiri 4 bukatar naman ta komo kamar kashi ɗaya cikin goma. Sai dai kashi ɗaya cikin goma ba sifiri ba ne: naman yana nan yana cin ɗan guzurinsa, yana tara dattinsa a cikin kansa, ba mai kawo masa, ba mai kwashe masa. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne abin da ya faɗa a ƙarshe, cewa idan aka makara sa'an nan aka ɗinke jijiyoyin aka saki jini, to, jinin zai wanko gubar da ta taru, da sinadarin fotashiyam da rugujajjen naman tsoka, ya kai su zuciya da ƙoda, har mutum ya rasa ransa garin neman hannunsa. Saboda haka likita yakan ƙi mayar da gaɓa, dangi su ɗauka rashin tausayi ne.

Abokina, wanda bai yarda ana mayar da hannu ba tun asali, ya nemi hujja. Yaron ya ce a watan Mayu na 1962, a birnin Boston na Amurka, likita Ronald Malt da jama'arsa suka mayar wa wani yaro ɗan shekara 12 hannunsa da jirgin ƙasa ya cire, kuma a 1963 likita Chen Zhongwei ya yi irin wannan a Shanghai ta ƙasar Sin. Wannan mayar wa mutum nasa ke nan. Dasa masa na wani kuwa, wato na mamacin da danginsa suka yarda, ya fi wuya nesa, domin garkuwar jiki tana ɗaukar baƙon nama a matsayin maƙiyi, fata kuma ita ce ta fi tsokano ta. A watan Satumba na 1998, a Liyon ta Faransa, Jean-Michel Dubernard da abokan aikinsa suka dasa wa wani mutumin Niyuzilan hannu. Mutumin bai riƙe shan maganinsa ba, bai kuma taɓa sakin jiki da hannun ba, aka cire shi a 2001 bisa roƙonsa. Wanda aka yi a Luwisbil ta Amurka a Janairun 1999 ya ɗore. A 2008 kuma, a Munik ta Jamus, aka dasa wa wani manomi hannu biyu tun daga dantse, bayan injin gona ya cinye nasa shekara 6 kafin nan. Da ya zo nan muka yi shiru, don kowa ya tuna da gindin mangwaro.

Ya ƙara da cewa ko an dasa, jijiyar ji da motsi ba ta tsirowa sai kamar milimita 1 a yini, watau wata da watanni hannun yana rataye kamar aro, mai shi kuma zai sha maganin danne garkuwar jiki muddin ransa. Abokina ya ce, to, wannan ai aure ne da sadakinsa ba ya ƙarewa.

Rana ta uku muka biyo ta Birnin Yauri, tsohuwar hedikwatar masarauta, wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Ngaski, muka gangara Wara. Mutanen Wara ba su manta da ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, ranar da jirgin da ya taso daga jihar Neja maƙare da fasinja ya tsage a tsakiyar ruwa, mutum fiye da 100 suka halaka. Na lura har yau idan an ambaci ranar sai murya ta yi ƙasa. Mun yi musu addu'a, muka shiga wani jirgi mai inji don mu ga tafkin daga cikinsa. Kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun 1968 suna nan a ƙarƙashi, matuƙin kuwa ya san mazauninsu kamar yadda mutum ya san ɗakunan gidansu.

Ina lura da shi, lokaci lokaci yakan waiwaya ya dubi bayan injin, inda wani siririn ruwa yake tsartuwa. Na tambaye shi, ya ce, "Alhaji, fitsarin inji ke nan. Yana zuƙo ruwan tafki ya zagaya da shi cikinsa ya huce, ya fitar. Ran da ka ga ya daina, kashe shi kawai, in ba haka ba ka ƙone shi." Ɗan ƙanwata ya tafa hannu ya ce matuƙin ya gama yi masa rabin darasinsa, ya kuma ce in fito masa da mai ƙanƙara da mai tarwaɗa da ya ba ni ajiya.

Mai ƙanƙara, in ji shi, shi ne abin da asibitocin duniya suke yi da gaɓar da za a dasa tun shekaru da dama: a wanke jijiyoyinta da ruwan magani mai sanyi, a ƙulle a leda, a binne a ƙanƙara, a yi tsere da agogo. Mai tarwaɗa kuwa ta fi shi dabara, domin ita tana sauya ruwa, tana kawo sabuwar iska tana kwashe ƙazanta. To, masu bincike sun ce me zai hana a haɗa biyun? A zura bututu a babbar jijiyar jinin hannun, famfo ya riƙa tura ruwan magani a hankali, mai sanyin digiri 4 zuwa 10, wanda aka cusa wa oksijin aka zuba wa sukari da gishirin da nama yake so. Ruwan ya bi duk ƙananan jijiyoyi har ƙarshen yatsu, ya fito ta jijiyar komowa, a tace shi, a sake sanyaya shi, ya koma. Sanyin ya rage yunwar naman, gudanar ruwan ta biya ɗan abin da ya saura. Akwai kuma fa'ida ta uku da ta fi burge ni, ita ce ta fitsarin inji: likita yana iya ɗibar ruwan da ya fito ya auna, ya ga ko tsokar tana rugujewa, ya san lafiyar hannun tun bai ɗinka shi a jikin mutum ba, alhali na cikin ƙanƙara sai an buɗe kula ake sanin abin da aka ɗauko.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun a ƙarni na 13 Ibn al-Nafis, likitan Dimashƙa da Alƙahira, ya bayyana yadda jini yake bi ta huhu. A 1935 likita Alexis Carrel da Charles Lindbergh, matuƙin jirgin saman nan da ya ƙetare Atilantika shi kaɗai, suka ƙera famfon gilashi mai raya gaɓar dabba a wajen jiki. A ƙarshen shekarun 1960 Folkert Belzer ya yi wa ƙodar mutum na'urar sanyi a San Faransisko, mai girman da sai a mota ake ɗaukarta. Da aka sami ruwan ajiya mai kyau sai mutane suka koma wa ƙanƙara don sauƙinta. Abin ya farfaɗo a 2009, da aka buga sakamakon wani gwaji na Holan da Beljiyam da Jamus a kan ƙodojin mamata 336, inda kowane mamaci aka sa ƙodarsa ɗaya a na'ura ɗaya a ƙanƙara: waɗanda suka yi nawar soma aiki 70 ne a ɓangaren na'ura, 89 a ɓangaren ƙanƙara. Ga hannu da ƙafa kuwa, al'amarin yana matakin gwaji. A asibitin Brigham da ke Boston an riƙe ƙafafun aladu a na'urar sanyi awa 12, daga baya awa 24, aka mayar musu, tsokarsu ta fi ta waɗanda suka yi awa 4 kacal a ƙanƙara lafiya. Matuƙin jirgi ya tofar da yawu da jin sunan dabbar, yaron ya ce ya yi haƙuri, jijiyoyinta ne suka yi kusa da namu a girma. Babbar matsalar da ta saura ita ce kumburi: ruwan yakan tsiyaye daga jijiya ya shiga nama, hannun ya yi nauyi, ya matse hanyoyin da ake so su buɗe.

Na tambaye shi amfanin ƙarin awowin, tun da dai hannun ba zai dawwama a na'ura ba. Ya ce dashen hannu yana bukatar mamacin da jininsa da girmansa da launin fatarsa suka dace da mai karɓa, irin wannan kuwa yakan kasance a gari mai nisa. Awa 6 ba ta ba ka damar nema sai a maƙwabta, awa 24 tana buɗe maka nahiya guda. Haka kuma wanda ya ji rauni, sau da yawa ba ya iya jure doguwar tiyata a daren farko, sai an ceci ransa tukuna, hannun yana jira.

Bayan la'asar muka kai gaisuwa wurin wani malami a Wara, dattijo mai karantar da Risala da Muhtasar a zaurensa, na kuwa jefa masa mas'alar don in ji ta bakin fukaha'u. Bai yi gaggawa ba. Ya ce asali jikin ɗan Adam yana da hurumi, rayayye ne ko matacce, kuma amana ce a hannunsa, ba dukiyarsa ba ce balle ya sayar. Amma larura tana da hukuncinta, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci da izininsa ko na magadansa, ta haramta ciniki. Yaron ya ce dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ita ma ta hana sayarwa, kuma tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, galibi daga ɗan'uwa mai rai. Malam ya gyaɗa kai, sa'an nan ya ce ƙoda daban, hannu daban. Ƙoda ɓoye take, kuma rashinta mutuwa ne. Hannu kuwa a fili yake, da shi ake alwala, da shi ake cin tuwo da iyali, kuma mutum yana rayuwa ba shi, don haka sai an auna maslahar da cutar maganin da za a sha har abada. Wani almajirinsa ya tambaya, ranar da gaɓoɓi za su yi shaida, wa hannun zai yi wa? Malam ya yi dariya ya ce, "Ɗana, Wanda ya san abin da kowane yatsa ya aikata ba zai ruɗe da lissafin mai shi na farko da na biyu ba. Kai dai ka kula da naka biyun."

Ra'ayina, bayan na saurari likita da malami da matuƙin jirgi, shi ne na'urar nan an ƙirƙire ta ne domin mutanen da suke nesa da asibiti, amma za ta daɗe a hannun waɗanda suke kusa da shi. Daga Yelwa zuwa Birnin Kebbi tafiyar awa uku ce ko fiye, Sakkwato ta fi haka, kafin a ƙidaya fadama da kwale-kwale da jiran mota; in ma an isa a kan kari, sai an sami likitan da ya iya ɗinke jijiyar da ba ta kai tsinken tsintsiya kauri ba a ƙarƙashin madubi, da ɗakin tiyata mai wuta, da jinin ƙari. Na faɗa wa ɗan ƙanwata haka, ina zaton zai yi musu, sai ya ce gaskiya ne, kuma shi ya sa yake so mu sake bi ta Shanga kafin mu tafi.

Mun tarar da masu injin sussuka su biyar a bakin fadama, ƙura ta rufe musu gira. Yaron ya sayi ƙanƙara a Yelwa, ya roƙi abokina karfasa guda ya yi misali da ita. Ya nuna musu cewa ran mutum ake fara ceta, a danne raunin da ƙyalle mai tsabta a ɗaga hannun sama. Guntun kuwa a ɗauraye shi sama-sama, a naɗe a ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle bakinta tam, sa'an nan a tsoma ledar a ruwan da aka zuba wa ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, don daskarewa tana kashe shi, kada kuma a jiƙa shi tsirara a ruwa. A duba agogo a riƙe lokacin, a kuma buga waya asibiti tun ana hanya. Ya ce hannu sai an yi babbar sa'a, amma yatsa, musamman babban yatsa, yana iya kaiwa.

Manomin nan na gindin mangwaro yana tsaye a bayansu, ba mu san ya zo ba. Da aka gama ya matso ya ce wa samarin, kafin duk wannan, su riƙa naɗe hannun riga in za su tura dami a inji. Sa'an nan ya karɓi ledar da hagunsa, ya ɗaga ta yana duban kifin a ciki, ya tambayi likita ko an gama da ita, don uwargidansa tana da baƙi.